Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Fastoci Da Dattawan Ikilisiyarmu A Gombe Kan Soke Lokutan Shirin Zuciya

Zuwa ga Baba Rabaran, da mataimakansa, da dukan iyayenmu na majalisar dattawa,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda ta same ku lafiya, ku da iyalanku. Ina yi muku sannu da aikin kiwon garken da Allah ya danƙa a hannunku, aikin da muka sani ba ya barin mai yinsa ya runtsa yadda yake so. Allah ya ƙara muku ƙarfi da hikima, ya kuma sāka muku da alheri.

Ni ɗiyarku ce, malamar Makarantar Lahadi a wannan ikilisiya shekara 19 ke nan, kuma 'yar Zumuntar Mata. Ba da bakina kaɗai nake magana ba. Na rubuta ne a madadin iyayenmu tsofaffi waɗanda suka saba zuwa addu'ar shiri tun majami'ar nan ba ta da daɓen siminti, da 'yan'uwana malaman yara, da wasu matasa da suka zo har gida suka faɗa mini abin da ke damunsu. Mun zauna, mun yi addu'a, suka ce ni in riƙe alƙalami. Sau biyu mun aika da kukanmu ta hannun ɗaya daga cikinku, ba mu ji amsa ba, kuma ba mu zargi kowa ba domin mun san yawan abin da ke gabanku. Abin da ya sa na buɗe wasiƙar ga kowa shi ne, 'yan'uwa daga wasu majami'u na Tumfure da Bolari, har da na Billiri da Kaltungo, sun shaida mana cewa abin da ya same mu ya same su. Ban ambaci sunan ikilisiyarmu ko na wani mutum ba, gama ba tonon silili ya kawo mu ba, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A Lahadin farko ta wannan shekara magatakarda ya tsaya ya karanta mana shawarar majalisa. Tun da an raba sujada gida biyu, ta Turanci da ta Hausa, an soke rabin awar addu'ar shiri da ake yi kafin sujada. An soke taron yammacin Asabar da ke gabatar Jibin Ubangiji. An kuma ce za a riƙa kulle majami'a daga Litinin zuwa Asabar, sai lokacin da wata ƙungiya take da taro. Dalilan da aka bayar ba na banza ba ne. Jama'a sun ƙaru har benci ba ya isa, aikin sabon gini yana neman lokaci da kuɗi, batun tsaro kuma ba wanda zai raina shi a garin nan, domin ba mu manta da harin da aka kai wa masu addu'a a cikin wata majami'a a watan Janairun 2012 ba, balle bama-baman tasha da kasuwa na 2014 da 2015. Duk da haka, da muka duba abubuwan da aka zaɓa aka yanke, sai muka ga dukansu iri ɗaya ne: lokutan da mutum yake samu ya shirya zuciyarsa kafin ya tsaya gaban Allah. Sanarwa ba ta ragu ba, tara kuɗi bai ragu ba, gabatar da manyan baƙi bai ragu ba. Shiru da binciken kai su kaɗai aka ga za a iya rayuwa ba tare da su ba.

Ku ne kuka koya mana cewa ba shirinmu ne yake jawo Allah ba. Yana ko'ina, ya kuma yi alkawari a Matiyu 18:20 cewa inda mutum biyu ko uku suka taru cikin sunansa yana tsakiyarsu. Tsoronmu shi ne abin da ya sami Yakubu a Betel, wanda ya kwana ya tashi, sa'an nan ya gane cewa Ubangiji yana wurin, shi kuwa bai sani ba. Muna tsoron mu yi shekaru muna shiga muna fita, Ubangiji yana tsakiyarmu, ba mu sani ba. Yawancinmu 'ya'yan manoma ne, mun san cewa ba manomi ne yake saukar da ruwa ba, amma ba wanda yake jiran ruwan farko na watan Mayu ya same shi bai yi sharar gona ba, bai tone kututture ba, bai kai taki ba. Ruwa ɗaya ne yake sauka kan gonar da aka gyara da wadda aka bari, a ɗaya ya tsiro da dawa, a ɗaya ya ƙara wa ƙaya ƙarfi. Shi ya sa annabi Irmiya da annabi Yusha'u, kowannensu a zamaninsa, suka ce wa jama'ar Allah su kafce saurarsu, Irmiya ya ƙara da cewa kada su yi shuka a cikin ƙaya. Kafin Ubangiji ya sauko a kan Dutsen Sina'i, Fitowa 19 ta nuna ya ba jama'a kwana biyu su tsarkake kansu, su wanke tufafinsu, su zauna da shiri domin rana ta uku. A 2 Tarihi 12:14 kuwa, dalili ɗaya aka bayar na lalacewar sarki Rehobowam, wato bai shirya zuciyarsa ga neman Ubangiji ba.

Kukanmu na farko shi ne addu'ar shiri. Wanda bai taɓa zuwa ba zai ɗauka ba a yin komai a cikinta, domin ba kiɗa, ba wa'azi, ba baiko. Da ƙarfe 7 da rabi mai gadi yakan buga ƙararrawa, mutane su shigo ɗaya bayan ɗaya ba mai gaisawa da ƙarfi. Dattijo guda yakan tsaya a ƙasa, ba a kan bagade ba, ya karanta Zabura ta 24 ko ta 51 a hankali, sai ya zauna. Daga nan ba a jin komai sai juyawar fanka da tarin wani tsoho. Akwai wata uwa tamu da take zama a benci na uku ta ɓangaren mata, takan tuɓe silifas ɗinta ta ajiye a ƙarƙashin benci, ta durƙusa a kan gefen zaninta, ta kifa goshi a kan littafin waƙoƙinta, leɓunanta suna motsi ba sauti. Yaran ajina da yawa a wurinta suka fara ganin yadda ake addu'a, tun kafin in koya musu ko aya ɗaya. A cikin wannan rabin awa ne mace take sauke faɗan da ta yi da yara wajen shiri, magidanci yake ajiye lissafin kuɗin makaranta da na haya, mai laifi yake samun sarari ya kira laifinsa da sunansa.

Yanzu ga yadda Lahadinmu take. Sujadar farko takan zarce lokacinta, mu masu ta Hausa muna tsaye a waje ƙarƙashin dogon yaro, ana hirar farashin masara da takin zamani, ana duba waya, 'yan acaɓa suna sauke mutane suna ta hon. Da an buɗe ƙofa, masu fita da masu shiga su cakuɗe kamar tashar mota ranar kasuwa. Kafin mutum ya sami wurin zama ganga ta tashi, mai jagora yana cewa mu miƙe mu shiga gaban Ubangiji. Jiki ya shiga, zuciya tana can bakin ƙofa tana ƙarasa hira. Mai Hadishi 5:1 ya gargaɗe mu mu kula da takunmu sa'ad da za mu shiga ɗakin Allah, mu matso domin mu saurara. Ita uwar tamu ta benci na uku ba ta iya wannan turereniya da ƙafafunta, don haka takan jira kowa ya shige, ta zauna a baya inda ba wurin durƙuso. Watanni biyu ke nan ta daina zuwa, ta ce za ta riƙa yin addu'arta a ɗaki.

Na biyu, kuma shi ne ya fi ci mana rai, taron Asabar kafin Jibin Ubangiji. Manzo Bulus bai bar wannan magana a duhu ba. A 1 Korintiyawa 11 ya ce kowa ya auna kansa tukuna kafin ya ci gurasar ya sha ƙoƙon, ya kuma faɗa wa mutanen Koranti a fili cewa rashin yin haka ne ya sa da yawa a cikinsu suka raunana, wasu suka yi ciwo, wasu har suka mutu. Ubangiji da kansa, a Matiyu 5:23-24, ya ce wanda ya kawo baikonsa gaban bagade ya tuna ɗan'uwansa yana da wata magana a kansa, ya bar baikon a nan, ya je su shirya tukuna. To, yaushe ne mutum zai je? Idan sai an ɗaga farantin gurasa ne za a karanta masa wannan aya, ina zai sami hanyar tashi a tsakiyar jama'a ya nemi wanda suka ɓata? Ba a fafe gora ranar tafiya. Hikimar iyayenmu da suka sa taron ranar Asabar ita ce, sun bar wa mutum yamma guda da dare guda a tsakanin jin Maganar da cin Jibin.

Ku yi mini haƙuri in faɗi abin da ya faru da ni, domin ban san wata hanya da ta fi wannan ta nuna abin da muka rasa ba. Shekaru da suka wuce, bayan rasuwar surukina, rabon abin da ya bari ya haɗa ni da faccalata. Maganar buhunan wake ce da 'yar gona a ƙauye, amma ta kai mu ga shekara guda cur ba ma gaisawa, muna zama a majami'a ɗaya, muna sa zanin Zumunta iri ɗaya, muna waƙa baki ɗaya. A wani taron Asabar, wani dattijo wanda yanzu yana wurin Ubangiji ya karanta waɗannan ayoyi, ya ba mu lokaci mu yi shiru. Da aka tashi ya kira ni gefe, bai ɗaga murya ba, ya ce, "'Yata, gobe za ki miƙa hannu ki karɓa?" Na ce i, Baba. Ya ce, "To, rana ba ta faɗi ba tukuna, gidan 'yar'uwarki kuma ba nisa." Na tafi ƙafafuna suna rawa. Na same ta a tsakar gida tana surfen masara, ta ɗago ta gan ni, taɓarya ta tsaya a hannunta. Na manta dukan maganar da na shirya a hanya, abin da ya fito kawai shi ne, "Yaya, ki gafarce ni." Ta jingina taɓaryar a bango, ta jawo mini kujera, muka yi kuka har magariba. Washegari da ƙoƙon ya iso hannuna, na san wanda nake karɓa. Yau 'ya'yanta a ɗakina suke kwana idan sun zo hutu.

Da a ce a wannan shekara abin ya faru, ba wanda zai tare ni. Zan karɓi Jibin da ƙullin a zuciyata, in sake karɓa wata mai zuwa, har lamirina ya yi kanta. Ba zato nake yi ba, Baba. Ku da kanku kun san akwai gidaje a ikilisiyar nan da ba sa ga maciji da juna saboda adashi, ko iyakar fili, ko maganar aure, ko abin da siyasa ta bari bayan zaɓe, kuma dukansu suna miƙa hannu a Lahadin Jibi, wannan a dama, wancan a hagu. Yanzu akan haɗa Jibin a ƙarshen sujada, a gaggauce, mutane suna duban agogo, masu rabo suna sauri domin masu wani taro suna jira a waje. Waɗanda ke ƙarƙashin horon ikilisiya ma, a taron Asabar ne dā ake zama da su, a ji tubansu, a shirya mayar da su cikin zumunci. Tun da aka soke shi, wasunsu suna zaune a bencin baya ba wanda ya ce musu ci kanku.

Na uku, lokacin da aka ce babu, mun ga inda yake tafiya. Wata Lahadi na duba agogo, sanarwa da tara kuɗin gini suka ci fiye da awa guda, wa'azi kuwa aka roƙi mai yinsa ya taƙaita. Ba ma ƙin ginin, da guminmu ake yinsa, mata sun ɗebi ruwa da yashi a ka ranar zuba daɓe. Abin da ke damunmu shi ne yadda ake kiran suna da adadi ta lasifika, a tafa wa mai dubu ɗari, a wuce mai ɗari biyar shiru, alhali Matiyu 6 ta ce kada hagu ta san abin da dama take yi, wasiƙar Yakubu kuma ta hana a ba mai zoben zinariya wuri mai kyau a bar matalauci a tsaye. Zuciyar da ta shafe awa guda tana auna aljihunta da na maƙwabcinta, wane wuri ya rage a cikinta da Magana za ta sauka? Mai bayarwa yana fama da girman kai, marar abin bayarwa yana fama da kunya, dukansu biyu ba wanda yake saurare. Na san gwauraye mata da suke tambaya tun Asabar ko gobe akwai tara kuɗi, in an ce akwai sai su zauna a gida.

Sai batun ƙara. Ba mu da faɗa da kiɗa, Zabura ta 150 ta kira ƙaho da molo da kuge su yabi Ubangiji, mu ma a Zumunta da tulu da kacau-kacau muke yabo, muna rawa har ƙura ta tashi. Amma daga farkon sujada zuwa ƙarshenta babu sauran minti ɗaya da lasifika take hutawa. Ko an ce mu sunkuyar da kai, mai molon lantarki yana bin addu'ar da sauti, mai jagora yana faɗa mana abin da za mu ce. Wata rana aka ɗauke wuta ana tsakiyar addu'a, sai aka dakata, kowa ya buɗe ido ana jiran a tayar da janareta. Bayan an tashi wani yaro ɗan shekara 9 a ajina ya tambaye ni da gaske, "Malama, in an ɗauke wuta Allah ba ya ji ne?" Na amsa masa, amma tambayar ta bi ni har gida, domin abin da muka nuna masa ke nan. Annabi Iliya a Dutsen Horeb ya ga iska mai farfasa duwatsu, ya ga girgizar ƙasa, ya ga wuta, Ubangiji ba ya cikin ko ɗaya, sai a wata 'yar murya marar ƙarfi, a nan ne ya rufe fuskarsa da alkyabbarsa. Muna renon yaran da ba su taɓa jin shiru a ɗakin Allah ba, don haka suna ɗauka kasancewar Allah ita ce tashin tsigar jiki lokacin da ganga ta yi zafi. Idan suka girma ba su ji wannan tashin ba, sai su bi duk inda aka fi ƙara. Matasan da suka zo wurina sun faɗa mini da bakinsu cewa abokansu suna yawon kwanan addu'a daga wannan wuri zuwa wancan, suna sayen mai da ruwa a kwalba, suna nema da ƙafa abin da ba a koya musu su nema a durƙushe ba.

Kulle majami'a kuwa ya fi taɓa talakawanmu. Gaskiya ne Ubangiji ya ce mai addu'a ya shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa, amma iyali mai mutum bakwai a ɗaki ciki da falo na gidan haya, da rediyon maƙwabci ta bayan bango, wace ƙofa za su rufe? Dā ma'aikaciyar jinya da ta sauko daga aikin dare, da ɗalibin da jarrabawa ta tsorata, da matar da gidanta ya yi mata zafi, sukan ratso su zauna minti goma a bencin baya su wuce. Yanzu kwaɗo suke tararwa.

Iyayenmu, abin da muke roƙo ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. 'Yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) sun isa Kaltungo a 1917, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa kuma bai fito ba sai 1932, amma masu bi na farko, da ɗan abin da suke da shi, sun san shiri. Kakata, wadda daga can ta fito, takan ba mu labarin yadda tun yammacin Asabar ake niƙa, a ɗebo ruwa, a wanke tufafi, domin kada safiyar Lahadi ta sami kowa da wani aiki, da yadda mai neman baftisma yake daɗewa a aji ana duban zamansa da mutane kafin a kai shi rafi. Shirin yaɗa bishara na Sabon Rai Don Kowa, da ya tashi a shekarun 1960 ya ratsa garuruwanmu da ƙauyukanmu, da ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje ya fara, kafin kowa ya fita wa'azi. 'Yan'uwanmu Katolika da Angalika har yau suna keɓe Lahadi huɗu kafin Kirsimeti da kwana 40 kafin Ista domin shirin zuciya. Ko maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke kwana muna tashi tare da su, kullum muna ganinsu sun tsuguna da buta suna alwala, sun tuɓe takalmi a ƙofa, kafin su tsaya salla. Bangaskiyarmu dabam ce, mun kuma san jinin Almasihu ne yake tsarkake mu, amma idan na wuce su da safiyar Lahadi ina gudu ina ɗaura ɗankwali a hanya, nakan ji nauyi a raina.

Ba za mu ɗora muku dukan kayan ba. Idan ɓera yana da sata, daddawa ma tana da wari. Mu ne muke kai tsakar daren Asabar a wurin biki ko a kan waya, mu ne muke zuwa a makare, kuma gaskiya ne cewa a shekarun baya masu zuwa addu'ar shiri sun ragu, wataƙila ma shi ya sa kuka ga soke ta ba zai dami kowa ba. Addu'ar iyali ta mutu a gidaje da yawa, ba kuwa majalisa ce ta kashe ta ba. Mun yarda da wannan, mun kuma tuba. Sai dai idan tumaki sun rage zuwa rijiya, makiyayi ba ya cike rijiyar, yakan bi sawu ya ga abin da ya hana su. Saƙon Wahayin Yahaya 3:20, inda Ubangiji yake tsaye a bakin ƙofa yana ƙwanƙwasawa, mun saba karanta wa marasa bi a wurin wa'azi, amma ga ikilisiyar Lawudikiya aka rubuta shi, ikilisiyar da take cewa ta wadata ba ta rasa komai. Marta ma, wadda ta sauki Ubangiji a gidanta, ba mugun abu take yi ba sa'ad da Ubangiji ya yi mata magana, hidimar saukar Baƙon ce ta hana ta zama da Baƙon.

Saboda haka, cikin ladabi, ga abin da muke roƙo.

Ku mayar mana da addu'ar shiri. Idan rabin awa ba za ta samu ba, ku sa tazarar minti 20 tsakanin sujada ta farko da ta biyu, a tsare ta kamar yadda ake tsare lokacin baiko. A cikinta kada a gwada lasifika, kada a yi sanarwa, masu tsaron ƙofa su roƙi mutane su shigo shiru, dattijo guda ya karanta Zabura ya zauna. Sujadar farko ma a buɗe mata ƙofa da wuri domin masu son shiri.

Ku mayar da taron Asabar kafin Jibin Ubangiji, ku kuma sanar da Jibin tun mako guda kafin ranarsa, domin mai bashi ya biya, mai gaba ya nemi ɗan'uwansa. Muna roƙon dattawa biyu ko uku, tare da Mama Rabaran da shugabannin Zumunta saboda mata, su riƙa tsayawa bayan taron domin wanda yake so a raka shi neman sulhu, gama ba kowa ne yake da ƙarfin zuwa shi kaɗai ba. A ba Jibin lokacinsa a tsakiyar sujada, a daina maƙala shi a wutsiya.

Sanarwa a rubuta a manna a allo, a tura ta WhatsApp na ƙungiyoyi, a karanta abin da ya zama dole kawai. Kuɗin gini a ware masa ranarsa bayan an sa albarka, a ba mu ambulan, a daina kiran suna da adadi. Za ku ga ba za mu rage bayarwa ba.

Muna roƙon a bar mana shiru na gaske a cikin sujada, ko na minti uku ne kafin wa'azi da bayansa, a kuma zauna da mawaƙa da masu kiɗa a nuna musu dalili da ƙauna, domin 'ya'yanmu ne kuma da zuciya ɗaya suke hidima. Muna kuma roƙon Baba Rabaran ya keɓe wasu makonni ya koya mana, manya da yara, yadda ake shirin zuciya a aikace: yadda mutum zai binciki kansa, yadda zai furta zunubi, yadda zai karanta Maganar shi kaɗai da asuba kamar yadda Markus 1:35 ta nuna Ubangiji yana tashi tun da sauran duhu. Da mutane suka tambayi Yahaya Mai Baftisma yadda za su shirya wa Ubangiji hanya, amsarsa a Luka 3 ta sauko har ƙasa: mai riga biyu ya ba marar ita, mai karɓar haraji kada ya ƙara a kan abin da aka yanka, soja kada ya yi ƙwace, ya gamsu da albashinsa. Irin wannan koyarwa muke ƙishi, wadda za ta bi 'yar kasuwa har wurin mudunta, ta bi ma'aikaci har teburinsa.

Game da ƙofa, ba mu ce a bar ta a buɗe dare da rana ba. A buɗe awa guda da asuba da awa guda da yamma, mai gadi yana nan, ana duba masu shiga kamar yadda ake yi ranar Lahadi. Mu da muka sa hannu a wannan kuka mun riga mun raba kwanakin mako a tsakaninmu, mace biyu da namiji ɗaya kowace rana, za mu share, mu zauna har a rufe, mu mayar da mabuɗi ga wanda kuka ce. Ba ma neman ko kwabo daga asusun ikilisiya.

Muna roƙon a sa wannan magana a cikin abin da majalisa za ta tattauna a zamanta na gaba, a kuma ba mutum uku daga cikinmu izini su zo su yi bayani da baki. Uwarmu ta benci na uku ta ce in faɗa muku cewa ranar da aka sake buga ƙararrawar ƙarfe 7 da rabi, a aika mata da ɗan acaɓa, za ta zo.

Taku cikin Almasihu,
Ɗiyarku, malamar Makarantar Lahadi,
a madadin masu addu'ar shiri, malaman yara da wasu matasan ikilisiya,
Gombe.